Gyaran birki da zaɓen man inji a babur mai ƙafa uku

Babur mai ƙafa uku abin hawa ne da ke da inji da hannun tuƙi irin na babur, amma yana tsaye a kan taya uku. Sunan ya haɗa manyan baburan tafiye-tafiye da ake hawa a Amurka da Turai, da kuma ƙananan na haya da na dakon kaya da suka cika biranen Indiya da Afirka, waɗanda a Najeriya ake kira Keke Napep ko a-daidaita-sahu. Birki da man inji na cikin sassan da suka fi shan wahala a wannan abin hawa, domin an ɗora wa kayan da asalinsu na babur ne nauyin da ya doshi na ƙaramar mota. Saboda haka kula da su ya bambanta da na babur mai ƙafa biyu, ya kuma bambanta da na mota. Abin da ake dogara da shi wajen zaɓen man birki da man inji shi ne ƙirar abin hawan da lambobin ƙa'ida da ke jikin galan, ba tsadar man ko sunan kamfaninsa ba.

Ire-irensa da taƙaitaccen tarihi

An kasa babur mai ƙafa uku gida biyu gwargwadon zaman tayoyinsa. Na farko yana da taya ɗaya a gaba da biyu a baya, kuma shi ne ya fi yawa. Na biyu yana da taya biyu a gaba da ɗaya a baya, kamar Can-Am Spyder da kamfanin BRP na Kanada ya fitar a shekarar 2007.

A Amurka, kamfanin Harley-Davidson ya ƙera Servi-Car daga 1932 zuwa 1973, wanda 'yan sanda da masu gareji suka yi amfani da shi sosai. Kamfanin ya dawo da ƙirar mai ƙafa uku da Tri Glide a 2009. Akwai kuma kamfanonin da ke mayar da babur mai ƙafa biyu, musamman Honda Gold Wing, zuwa mai ƙafa uku ta hanyar cire tayar baya a sa aksil mai taya biyu. Yawancin masu sayen irin waɗannan dattawa ne ko masu lalurar ƙafa, waɗanda riƙe babur mai nauyi a tsaye ke yi musu wuya.

Ƙananan na haya kuwa sun samo asali ne daga Piaggio Ape da aka fara ƙerawa a Italiya a 1948. Daga baya kamfanonin Indiya irin su Bajaj da TVS suka zama manyan masu ƙera su. A Legas sun bazu a zamanin gwamnan soja Mohammed Buba Marwa, shi ya sa ake ce musu Keke Marwa. Sunan Keke Napep ya fito ne daga shirin yaƙi da talauci na NAPEP da gwamnatin Olusegun Obasanjo ta kafa a 2001. A Kano sun ɗauki sunan shirin A Daidaita Sahu na gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau, kuma sun mamaye sufurin cikin gari bayan hana acaɓa a watan Janairun 2013.

Dalilin da birkinsa ke shan wahala

Aikin birki shi ne mayar da ƙarfin gudu zuwa zafi ta hanyar guga. Yawan zafin ya danganta da nauyi da kuma gudu. Idan nauyi ya ninka sau biyu, zafin da birki zai ɗauka ya ninka sau biyu. Idan gudu ne ya ninka sau biyu, zafin ya ninka sau huɗu. Wato tsayar da keke daga gudun kilomita 60 a awa yana buƙatar aiki ninki huɗu na tsayar da shi daga kilomita 30.

Tri Glide ya haura kilo 500 ba tare da mahayi ba. Keke Napep na fasinja yana tsakanin kilo 300 da 400, amma da direba da fasinjoji uku yakan wuce kilo 600, kuma lodin da ya wuce ƙa'ida yana ƙara tsawon tazarar da zai ci kafin ya tsaya.

Bambanci na biyu shi ne babur mai ƙafa uku ba ya kwantawa a kwana kamar mai ƙafa biyu. Idan aka taka birki, nauyi yana komawa gaba. Idan a cikin kwana ne, yana komawa gaba da kuma gefen waje, inda mai taya ɗaya a gaba ba shi da abin da zai tokare shi. Wannan ne ke sa tayar baya ta ciki ta ɗaga, har abin hawan ya kife. Shi ya sa ake koya wa direbobi su rage gudu kafin su shiga kwana, ba a tsakiyarta ba.

Bambanci na uku yana baya. A babur mai ƙafa biyu birkin gaba ne ke yin mafi yawan aiki. A mai ƙafa uku tayoyin baya biyu suna ɗauke da kaso mai yawa na nauyin, don haka birkinsu na da babban rabo wajen tsayawa. Idan na dama ya fi na hagu kamawa, abin hawan zai fizgi gefe ɗaya duk lokacin da aka taka. Babur mai ƙafa biyu ba ya fuskantar wannan matsalar ko kaɗan.

Yadda birkin yake aiki

Galibin baburan masu ƙafa uku na yau suna amfani da birkin mai. Idan direba ya taka feda ko ya matse hannu, fistin da ke cikin babbar silinda, wadda makanikai ke kira masta, yana tura mai ta cikin bututai zuwa tayoyi. Ruwa ba ya matsuwa, don haka duk matsin da aka yi masa a wuri ɗaya yana isa ko'ina cikin bututun. Masanin Faransa Blaise Pascal ne ya bayyana wannan ƙa'ida a ƙarni na 17. Iska kuwa tana matsuwa, shi ya sa ɗan kumfan iska a cikin bututu ke iya raunana birki gaba ɗaya.

A wurin taya akwai tsari iri biyu.

Birkin ganga, wanda ake kira dirom. Ganga ce ta ƙarfe da ke juyawa tare da taya, a cikinta akwai takalman birki biyu masu siffar baka. Ƙaramar silinda tana buɗe su su gogi cikin gangar, sifirin kuma ya mayar da su idan an saki feda. Yana da araha da sauƙin gyara, amma yana riƙe zafi saboda a rufe yake. Keke Napep irin Bajaj RE yana da birkin ganga a tayoyi uku, duka suna aiki da feda ɗaya ta ƙafar dama, sai birkin hannu na ajiyewa.

Birkin faifai. Faifan ƙarfe ne da ke juyawa da taya, sai maƙala da ake kira kalifa tana matse shi da fad biyu ta kowane gefe. Yana saurin hucewa domin iska na kaɗa shi, kuma ana iya ganin cinyewarsa ba tare da kwance taya ba. Shi ne a kan manyan babura irin Tri Glide da Spyder. A Spyder feda ɗaya ce ke kama tayoyi uku, tare da na'urar ABS da ke hana taya ƙamewa ta riƙa jan ƙasa.

Alamomin matsala

Feda mai laushi da ke nutsewa kamar soso tana nuna iska ta shiga bututu, ko man birkin ya sha ruwa.

Feda da ke sauka a hankali alhali ƙafa na kanta tana nuna yoyo, ko robar cikin masta ta lalace.

Ƙarar ƙarfe kan ƙarfe tana nuna fatar takalmi ko fad ta ƙare, ƙarfen bayanta ya fara cin ganga ko faifai.

Fizga zuwa gefe ɗaya tana nuna birkin baya biyu ba su daidaita ba, ko mai ya jiƙa ɗayansu, ko fistin ɗaya ya maƙale. Bambancin iskar tayoyin baya ma yana kawo haka, don haka da shi ake fara dubawa.

Rawar feda a ƙarƙashin ƙafa tana nuna faifai ya karkace ko ganga ta daina zama da'ira sosai.

Taya ɗaya da ta fi sauran zafi bayan gajeriyar tafiya tana nuna birkinta ba ya saki.

Man birki da ke raguwa a gwangwaninsa yana da dalili biyu: ko fad ya cinye, ko akwai yoyo. Ƙara mai kawai ba tare da gano dalilin ba ba gyara ba ne.

Yadda ake gyara

Kafin a fara, ana ajiye abin hawan a wuri mai shimfiɗe, a tokare sauran tayoyin, a ɗaga shi da jak sannan a sa masa abin dogara mai ƙarfi. Ba a shiga ƙarƙashin abin hawan da jak kaɗai ke riƙe da shi.

Babbar ƙa'idar gyaran birki a mai ƙafa uku ita ce a canza na tayoyin da ke aksil ɗaya tare. Idan takalmin dama ya ƙare, ana canza na dama da na hagu a lokaci guda, kuma da kaya iri ɗaya. Sa sabo a gefe ɗaya a bar tsoho a ɗayan yana rage kuɗin gyara a ranar, amma shi ne ke haifar da fizgar da ke jefa keke cikin kwata ko gaban wata mota.

A birkin ganga, bayan cire gangar ana duba kaurin fatar takalman, da sifirin, da ƙaramar silinda. Idan aka ɗaga robar bakin silindar aka ga danshi, tana yoyo ke nan. Takalmin da mai ko giris ya jiƙa ba ya gyaruwa da wanki ko ƙonawa, domin man ya riga ya shiga cikin fatar, kuma zai sake fitowa da zarar ta yi zafi. Dole a canza shi, a kuma toshe inda man ya fito, wanda sau da yawa robar aksil ce. Bayan an ɗaura, ana saita tazarar takalmi da ganga yadda taya za ta juya ba tare da riƙewa ba, kuma tazarar ta zo ɗaya a gefe biyu. Daga nan ake saita birkin hannu.

A birkin faifai ana cire kalifa a rataye ta da waya, domin barinta tana lilo a jikin tiyo yana lalata tiyon daga ciki. Ana mayar da fistin baya a hankali, a goge sandunan da kalifa ke zamewa a kansu, a shafa musu giris na musamman na birki. Kamfanoni sukan buga mafi ƙarancin kaurin faifai a jikinsa, da mafi girman faɗin ganga a jikinta. Wanda ya wuce wannan iyaka ana canza shi.

Cire iska daga bututu aikin mutum biyu ne. Ɗaya yana taka feda sau uku ko huɗu ya riƙe. Ɗayan ya sassauta ɗan notin fitar da iska da ke bayan taya, mai da kumfa su fito ta siririn tiyo zuwa cikin kwalba, sannan ya ɗaure notin kafin a saki fedar. Ana maimaitawa har mai ya riƙa fitowa ba kumfa. A bisa al'ada ana farawa da tayar da ta fi nisa da masta. A duk tsawon aikin ba a barin gwangwanin mai ya ƙafe, in ba haka ba sabuwar iska ta shiga, a koma farko. Baburan da ke da ABS ko birkin gaba da baya a haɗe suna da nasu tsarin bi da bi, wasu ma sai an haɗa su da kwamfutar gareji.

Bayan kowane gyara ana taka feda sau da yawa har ta yi tauri kafin a motsa abin hawan. Sabon fad ko takalmi ba ya kamawa sosai sai ya zauna, don haka ana gwada shi da ƙaramin gudu a wurin da ba cunkoso, a yi ta tsayawa a hankali sau da dama.

Ƙurar birki tana da haɗari. An daɗe ana yin fatar birki da asbestos, wanda shaƙar ƙurarsa ke jawo cutar daji ta huhu. Tarayyar Turai ta haramta shi gaba ɗaya a 2005, amma har yanzu ana samunsa a wasu kayan gyara masu araha. Saboda haka ba a hure ƙurar ganga da baki ko da iskar kwamfureso. Ana jiƙa ta ne a goge da tsumma.

Man birki

Man birki daban yake da man inji, kuma ba su maye gurbin juna. Lambobin DOT da ke jikin gwangwani sun fito ne daga ƙa'idar Ma'aikatar Sufuri ta Amurka mai lamba FMVSS 116. Ƙa'idar ta tsayar da mafi ƙarancin zafin da man zai kai kafin ya tafasa, yana sabo da kuma bayan ya sha ruwa kimanin kashi 3.7 cikin ɗari:

DOT 3: digiri 205 yana sabo, digiri 140 bayan ya sha ruwa.
DOT 4: digiri 230 yana sabo, digiri 155 bayan ya sha ruwa.
DOT 5 da DOT 5.1: digiri 260 suna sababbi, digiri 180 bayan gwajin ruwa.

Duka a ma'aunin Salshiyos ne. DOT 3 da 4 da 5.1 an yi su ne da sinadarin gilaikol, wanda ke zuƙar danshi daga iska a hankali. Haɗarin yana bayyana ne a doguwar gangara ko cikin cunkoso da lodi mai nauyi: man ya tafasa, tururi ya cika bututu, feda ta tafi ƙasa ba tare da ta kama komai ba. Bayan ya huce birkin yakan dawo kamar ba abin da ya faru, abin da ke sa wasu direbobi su ci gaba da aiki da shi. Kamfanoni da yawa suna ba da shawarar a zubar da man birki a sa sabo duk shekara biyu, ko da ba a yi tafiya mai yawa ba.

DOT 5 na silikon ne, galibi launin shunayya gare shi, kuma ba ya haɗuwa da sauran duk da kusancin lambarsa da DOT 5.1. Tsofaffin baburan Harley-Davidson da yawa da shi suke aiki, na baya-bayan nan kuma DOT 4. Irin man da ya dace yana rubuce a murfin gwangwanin masta. Zuba man inji a birki yana kumbura robobin ciki har su lalace, ruwa ko ruwan sabulu kuma yana tafasa a digiri 100 ya kuma sa tsatsa. Man gilaikol yana cin fenti, don haka ana wanke inda ya zuba da ruwa nan take.

Man inji da ma'anar sintetik

Man inji yana raba ƙarfe da ƙarfe, yana kwashe zafi, yana wanke datti, yana kuma taimaka wa ringi toshe silinda. Kowane man inji haɗi ne na tushen mai da sinadaran ƙari. Bambancin man gargajiya da na sintetik yana cikin tushen ne.

Cibiyar Man Fetur ta Amurka, API, ta kasa tushen mai rukuni biyar. Rukuni na 1 da na 2 tataccen ɗanyen mai ne, su ne man gargajiya. Rukuni na 3 ma daga ɗanyen mai yake a mafi yawan lokuta, amma an sarrafa shi da iskar haidirojin a ƙarƙashin matsi da zafi har tsarinsa ya canza. Rukuni na 4 shi ne PAO, wanda ake ginawa daga ƙananan ƙwayoyin sinadari. Rukuni na 5 ya tara sauran, ciki har da esta.

Masana a Jamus sun yi aiki sosai kan irin wannan mai a shekarun 1930 da lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, daga baya injinan jiragen sama na jet suka dogara da shi. Ya shiga kasuwar motoci da Amsoil a 1972 da Mobil 1 a 1974. A 1999 an yi taƙaddama tsakanin Mobil da Castrol a gaban hukumar da ke sa ido kan tallace-tallace a Amurka, aka yanke cewa ana iya tallata man rukuni na 3 a matsayin sintetik. Tun daga lokacin kalmar ta zama ta kasuwanci fiye da ta kimiyya. Wanda ake kira rabin sintetik kuwa gauraye ne na iri biyun.

Amfanin man sintetik a fili yake a wuri uku. Yana jure zafi ba tare da saurin ƙonewa ya zama kwalta ba. Kaurinsa ba ya canzawa sosai tsakanin sanyi da zafi. Ba ya saurin tashi ya zama tururi. Waɗannan sun fi muhimmanci ga injin da iska ke sanyaya shi, ko wanda ke jan nauyi a hankali cikin cunkoso, wato halin da babur mai ƙafa uku ya fi samun kansa.

Karanta jikin galan

Alamomi uku ake dubawa.

Ta farko ita ce lambar kauri ta SAE, kamar 10W-40 ko 20W-50. Lambar da ke gaban W tana nuna yadda man ke gudana a sanyi, harafin kuma ya fito ne daga kalmar Turanci mai nufin hunturu. Ana gwada 10W a digiri 25 ƙasa da sifili, 20W kuma a digiri 15 ƙasa da sifili. Lamba ta biyu tana nuna kaurin man a digiri 100. A ƙasashe masu zafi kamar arewacin Najeriya da Nijar, inda zafin watan Afrilu ke wuce digiri 40, lamba ta biyu ce ta fi muhimmanci. Duk da haka kauri fiye da wanda kamfani ya faɗa ba ƙarin kariya ba ne, domin man da ya yi kauri da yawa yana jinkirin isa saman inji da safe, yana kuma ƙara shan fetur.

Ta biyu ita ce matakin API na injin fetur, wanda ke farawa da harafin S. SL ya fito a 2001, SM a 2004, SN a 2010, SP a 2020.

Ta uku, wadda ta fi shafar babur, ita ce JASO, ƙa'idar Japan ta man babur mai zagaye huɗu da aka fitar a 1998. A yawancin babura kulocin yana jiƙe cikin mai. Man mota na zamani yana ɗauke da sinadaran ƙara santsi don rage shan fetur, kuma waɗannan kan sa irin wannan kuloci ya riƙa zamewa. JASO MA, da rassansa MA1 da MA2 da aka ƙara a 2006, shi ne wanda ya dace da jiƙaƙƙen kuloci. JASO MB mai santsi ne, an yi shi don ƙananan babura masu giyar atomatik. Man mota da aka rubuta wa "Resource Conserving" a da'irar API bai dace da jiƙaƙƙen kuloci ba.

Zaɓe gwargwadon inji

Keke Napep na yanzu galibi yana da inji mai silinda ɗaya, mai zagaye huɗu, mai girman kusan cc 200 ko sama da haka kaɗan, da jiƙaƙƙen kuloci. Abin da ya dace da shi shi ne man babur mai alamar 4T da JASO MA ko MA2, da kaurin da littafinsa ya faɗa, wanda sau da yawa 20W-50 ne. Tsofaffin masu zagaye biyu suna ƙona man 2T tare da fetur, kuma ba a musanya 2T da 4T.

Manyan injinan Harley-Davidson suna da ma'ajin mai uku daban-daban: na inji, na akwatin sarƙa inda kuloci yake, da na giya. Kowanne yana da nasa awo da lokacin canji, kuma 20W-50 ne aka fi sa wa injin. Gold Wing kuwa yana da silinda shida da ruwa ke sanyayawa, mai ɗaya ne ke hidimar inji da giya da kuloci, kuma Honda na ba da shawarar mai marar kauri sosai irin 10W-30. Wannan ya nuna babu mai guda da ya dace da kowane babur mai ƙafa uku.

Inda giya da inji ke shan mai ɗaya, haƙoran giya suna yanka dogayen ƙwayoyin sinadarin da ke riƙe kaurin mai, sai ya tsinke kafin lokacinsa. Man sintetik yana buƙatar kaɗan daga wannan sinadari, shi ya sa ya fi riƙe kaurinsa. Baburan da aka mayar masu ƙafa uku kuma sukan sami ƙarin ma'aji a aksil na baya, wanda ke shan man giya irin 75W-90 ko 80W-90, kuma sau da yawa ana mantawa da shi.

Kurakuran fahimta

Ana yawan cewa man sintetik yana sa kuloci zamewa. Abin da ke sa zamewar sinadaran ƙara santsi ne, kuma ana samun su a man mota na gargajiya da na sintetik. Sintetik mai alamar JASO MA ba ya jawo wannan.

Ana kuma cewa yana sa inji yoyo. Wasu nau'o'in farko na shekarun 1970 sun sami matsala da robobin inji, amma an daɗe da gyara haɗin. A tsohon inji da robobinsa suka bushe, sabon mai na iya wanke dattin da ya toshe tsaguwa, sai yoyon da yake nan tun da ya bayyana.

Ba gaskiya ba ne cewa wanda ya koma sintetik ba zai iya komawa man gargajiya ba. Iri biyun suna gauruwa. Haka kuma sintetik ba ya gyara injin da ringinsa ya cinye yana hayaƙi.

Lokacin juye da jabun mai

Harley-Davidson yana ba da tazarar mil 5,000, wato kusan kilomita 8,000, tsakanin juye da juye. Keken haya ba ya cikin irin wannan hali. Man da injinsa ke ɗauka kaɗan ne, yana wuni a kunne, yana yawan tsayawa da tashi, ga ƙurar hunturu. Ƙura da fetur da ke zubowa cikin mai suna gurɓata sintetik kamar yadda suke gurɓata na gargajiya. Don haka tsadar mai ba ta zama hujjar tsawaita lokacin juye fiye da abin da littafin abin hawan ya yarda ba, kuma tsabtace matatar iska na da tasiri a rayuwar inji kamar irin man da aka zuba. Ga mai keken da kuɗinsa bai kai na sintetik ba, man gargajiya mai lambobin da suka dace da ake canzawa a kan kari ya fi sintetik da aka bari ya daɗe.

Jabun mai matsala ce a kasuwanni da dama. Akan tace tsohon baƙin mai ko a zuba tushen mai marar sinadaran ƙari a galan mai sunan babban kamfani. A Najeriya hukumar kula da ingancin kayayyaki, SON, ce ke sa ido kan man inji. Masu saye kan kare kansu ta hanyar duba hatimin murfi da lambar rukunin ƙira, da guje wa man awo da ake sayarwa a buɗaɗɗiyar kwalba a bakin titi.

Tsohon man da aka juye yana ɗauke da ƙarafa da sinadarai masu cutarwa, kuma yawan taɓa shi da fata yana da alaƙa da cutar daji ta fata. Zubar da shi a kwata ko a ƙasa yana gurɓata rijiyoyi. Ana tara shi ne a rufaffen mazubi a kai wa masu sake sarrafa shi.

Duba kuma

Keke Napep
Babur
Man fetur
Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa